Kwano Ɗaya a Kan Tankin Ruwa

'Yan matan da ke koyon kwamfuta a shagonmu na Talata Mafara su suka sa ni wannan rubutu. Tun da na dawo daga aikin nan suke damuna da tambaya, wata har tana cewa ita ba ta ga abin wahala a sana'ar ba, ai kashewa ne a kunna, in ta ƙi a cire kebur a hura masa iska. Ba magana ce da zan iya yi musu da baki ba. To ga shi a rubuce. Ba zan faɗi sunan garin ba, yana dai ɓangaren Maradun, kan hanyar Janbako. A can aka tsare ni rabin yini bisa zargin ina kai wa ɓarayin daji rahoto, kuma duk wanda ke ƙasar nan ya san abin da ake yi wa mutumin da aka kira infoma.

Aikinmu shi ne haɗa gini da gini ba tare da an ja waya ba. Ofis yana da intanet, sitonsa yana can wani gefen gari babu. Sai mu kafa bututun ƙarfe a kan kowane gini, mu ɗaura wani farin akwati mai kama da faranti, wanda mu a bakinmu rediyo muke ce masa duk da ba ya magana. Dole su biyun su kalli juna ido da ido, ba abin da ya gitta tsakani. A bayan kowanne akwai ƙananan fitilu huɗu. In huɗun sun kama, lafiya lau. In biyu ne, ana ta lallaɓawa. In ɗaya ta rage, sai ma'aikata su fara kiran Oga suna faɗa.

Ogana shi ne Malam Isiya, kuma ba don ƙoƙarina a makaranta ya koya mini ba. Da na gama sakandare buga takardu nake yi a shagonsa. Ran nan aka kira shi wani ofis a Bakura wanda rufinsa ke leƙa gidan maƙwabci. Maigidan ya ce ba namijin da zai hau ya ga iyalinsa, ko da an sanar, ko da matan sun shige ɗaki. Kwana uku ana roƙo ya ƙi. A na huɗu Malam Isiya ya dube ni ya tambaya ko ina tsoron tsani. Na ce ban taɓa gwadawa ba. Ya je ya nemi izinin babana, na sa wando a ƙarƙashin zane, na ɗaure hijabi a ƙugu, na hau, yana ƙasa yana gaya mini notin da zan sassauta. Matan gidan suna tsakar gida suna surfe, suna ta yi mini dariya, ɗaya tana cewa in na faɗo in faɗo ta wajensu akwai dusa. Tun daga ranar duk rufin da namiji ba zai hau ba ya zama nawa.

Jakata ba ta da yawa. Filaya, sukudireba biyu, salatif, abin matse kan kebur, tsohuwar laftof, madubin hangen nesa na Oga mai tsagaggen ido ɗaya, sai littafi da biro. A wurin Malam Isiya littafin ya fi duk sauran. Yakan ce layin da ya mutu gaba ɗaya ba ya ba shi tsoro, a yini guda zai gano shi. Wanda ke zuwa yana tafiya shi ne mugu, kuma ba a kama shi sai da agogo. Ki rubuta rana, ki rubuta lokacin da ya faɗi, ki rubuta lokacin da ya dawo, har minti. Ya kuma koya mini kada in yarda da kowa. Duk wanda ya ce bai taɓa komai ba, ki duba inda hannunsa ke kaiwa.

Littafin ya sha fitar da mu kunya. A Bakura akwai layin da ke lafiya da rani, ya lalace da damina, a ƙarshe muka gano wata darbejiya ce ke cika da ganye a tsakiyar hanya. A nan Mafara wani ofis kusa da kasuwa, duk ranar Talata layinsu sai ya yi ta yankewa. Manajan ya rantse ma'aikatansa ne ke kashewa don su tafi cefane. Ashe manyan motocin hatsi ne ke tsayawa a bakin titi da lodi har sama, daidai inda rediyon ke kallo, don an kafa shi ƙasa-ƙasa.

Sai shekarar da aka rufe layukan waya a jihar nan. Wata da watanni ba aiki, Oga ya koma gyaran fitilar sola, ni na koma buga takardu. Da aka buɗe, aikin ya dawo amma idon mutane bai dawo yadda yake ba. Da, in na hau rufi sai a tsaya ana kallo ana dariya. Yanzu sai a tsaya ana kallo, ba dariya. Kowa ya ji labarin wanda ya yi wa ɓarayi waya ya ce ga gidan da aka sayar da shanu. Na ga canjin, amma na ɗauka ni bai shafe ni ba, tunda mace ce, kuma da aikina.

Aikin garin nan na wata ƙungiya ce mai raba wa manoma taki da iri. Ofishinsu yana kan tudu a gabas, inda sabis ke kamawa. Siton yana can yamma cikin kwari, ko waya ba ta shiga. A siton ne manomi ke dangwala yatsa a na'ura kafin a ba shi buhunsa, na'urar kuwa ba ta aiki sai da intanet. Mu muka haɗa musu layin da rani, fitila huɗu cif. Da damina ta kankama suka kira cewa wasu ranaku layin na faɗuwa da safe, ba ya dawowa sai bayan azahar, wani lokaci sai la'asar, manoma na zaune a layi shuka na jiran taki. Oga yana fama da ciwon baya, ya tura ni, ya sama mini masauki wurin wata 'yar uwar matarsa.

Na bi abin a jere kamar yadda aka koya mini. Na yanke kan kebur na sake matsewa, duka ɓangarorin biyu. Na auna batirin sola, lafiya. Na duba ko ruwa ya shiga, a bushe yake. Na hau rufin ofis da yamma na leƙa da madubi, ga rediyon sito can yana kallona, hanyar ta wuce daidai saman tankin ruwan gari mai dogayen ƙafafun ƙarfe, ba itace, ba gini. Na rubuta ranakun da aka yi hadari, ba su dace da ranakun faɗuwa ba. Ba ranar kasuwa kaɗai ba ce, ba kuma kullum ba. Wata rana bakwai da kwata, wata rana tara saura, wata rana ko kaɗan.

Daga nan zargina ya koma kan mai kula da siton, Malam Ummaru, wani dattijo siriri marar yawan magana. Abin da ya sa, sau biyu ina ji da safe, layi na nan lafiya, ya leƙa waje ya ce wa manoma masu nisa su je su dawo gobe, yau ba za ta yi ba. Ba a yi rabin awa ba kuwa layin ya faɗi. Na tambaye shi yadda ya sani, ya ce jikinsa ne ya ba shi. Na ce a raina, jikinka ko hannunka. Na ɗauka yana kashewa ne don ya fitar da taki ba tare da na'ura ta gani ba. Har salatif na manna a kan soket na sa alama da biro. Washegari layin ya faɗi, salatif na nan yadda na bar shi. Shi ma na lura yana satar kallon littafina. Ya taɓa cewa, "Malama, wanga rubutu naki bai yi yawa ba?" Na ce aikina ke nan.

Kuskurena shi ne duk hawan da nake yi da yamma nake yi, bayan layi ya dawo, don rana ta yi sanyi. A rana ta goma sha ɗaya na ce yau zan hau a lokacin da ya faɗi. Ina ofis fitilu suka koma ɗaya, na rubuta lokacin, na jingina tsani na hau. Da na sa madubi ban ga rediyon sito ba sam. A kan tankin ruwa an tsayar da fallen kwanon rufi guda, an jingina shi da ƙarfen gefe, daidai kan hanyata. Daɗi ya kama ni. Na ciro waya na ɗauki hoto, na ƙara ɗauka don in tura wa Oga. Na sake sa madubi don in ga yadda aka ɗaure kwanon, sai na ga kan mutum ya leƙo ta gefensa, da bakin bindiga, yana kallona.

Kafin in gama saukowa mutum biyu na tsaye a gindin tsani, 'yan sa-kan gari, kowanne da bindigar toka. Ba su zage ni ba, ba su taɓa ni ba. Ɗaya ya miƙa hannu na ba shi waya, ya sake miƙawa na ba shi madubi da littafi. Suka sa ni gaba muka ratsa gari a ƙasa. Mata na leƙe ta katanga. Wani mai shayi da nake gaisawa da shi kullum ya juya baya yana wanke kofin da ba datti.

Zauren shugabansu suka kai ni, wani tsoho mai farin gemu da ake kira Baba Shehu. Ya amsa gaisuwata duka, har ya tambayi mutanen Mafara, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Wannan ya fi ba ni tsoro. Ya duba hotunan, ya ajiye wayar. Ya buɗe littafin yana bi da yatsa a hankali, bakinsa na motsi. A waje mutane na taruwa, ina jin ƙafafunsu da ƙus-ƙus.

Ya ce, "Asabar, bakwai da kwata zuwa biyu da rabi. Litinin, tara saura zuwa la'asar. Ɗiyata, wa ya hwaɗa miki?"

Na ce ba wanda ya faɗa mini, lokutan da intanet ke faɗuwa ne.

"Mu uku munka san wanga lokaci a duniya. Ni, da wanda ka hawa, da Allah da Ya yi mu. Kullum sai na sauya shi. Ke kuma ga shi kin rubuta har minti."

A nan na gane abin da ke hannunsa. Garin na sa mai gadi a kan tanki a ranakun da manoma suka fita gonakin nesa, ko aka ji motsi a daji, ya hango babura tun daga nesa ya ba da sanarwa. Mai gadin, Lawali, in ya hau sai ya tsayar da kwano ya kare shi daga rana da idon mutane, in zai sauka ya kwantar da shi ya danne da dutse saboda iska. Kwana goma sha ɗaya ina rubuta lokacin da ake gadin garin nan da lokacin da yake a buɗe. Ko ni aka ba wa littafin nan na wata, da abin da zan ce ke nan.

Na yi bayanin rediyo da kallon juna. Wani daga ƙofa ya ce duk infoma da bayaninsa yake zuwa. Wani ya ce a tambaye ni wa nake tura wa hoto. Na ce a kira Malam Isiya, Baba Shehu ya ce ai shi ma za a kai kansa. Na ce a kira manajan ƙungiya, aka ce yana Gusau. Na kai awa biyu a zaune. An kawo mini ruwa a kwanon sha, ban sha ba.

Abin da ya fitar da ni ba wayo ba ne, abin da Oga ke cewa ne kullum, in kin gano matsala ki sa ta ta faru a gaban mai ita. Na ce, "Baba, kada ka yarda da maganata. Ka kai ni sito, ka sa a ce wa na kan tanki ya kwantar da kwanon. In fitila ba ta koma huɗu ba, ka yi abin da za ka yi." Na faɗa ne kawai, ban gwada ba. Hoto kawai na gani. In batir ya zaɓi ranar ya yi rauni, ko kan kebur ya saki, shi ke nan.

Muka tafi sito, jama'a na biye. Manoma na zaune a inuwa suna jiran taki. Na buɗe laftof na nuna wa Baba Shehu inda fitilun ke fitowa, guda ɗaya ce, tana ƙiftawa. Ya tura mutum gindin tanki. Muka jira. Ban san tsawon jiran ba, na dai karanta duk abin da na iya. Sai ta biyu ta kama, ta uku, ta huɗu. Na'urar yatsa ta yi ƙara a kan tebur. Ya ce a sake tsayarwa. Ta koma ɗaya. Sau uku ya sa aka yi, bai ɗauke ido ba.

Na ɗauka zai saki fuska. Sai ma ya ƙara ɗaurewa. Ya tambaye ni a hankali ko ke nan duk wanda ke zaune a ɗakin nan, in ya ga na'ura ta ƙi, ya san akwai mutum a sama, in ta yi ya san babu. Na ce in ya gane haɗin, haka ne. Ya juya ya kalli manoman da ke ƙofa ɗaya bayan ɗaya, mutanen ƙauyuka biyar ko shida. Sannan ya kalli Malam Ummaru.

"Ummaru, Lawali ba ƙanenka ba ne, gida guda?"

Malam Ummaru ya sunkuyar da kai. Ya ce tun makon farko ya lura duk ranar da ƙanensa ya ɗauki gorar ruwa ya fita da safe na'ura ba ta yi. Bai san dalili ba, ya dai ga suna tafiya tare. Ya ce bai gaya wa baƙuwa ba don ba a faɗa wa baƙo lokacin gadi, bai gaya wa Baba ba don kada a ce shi ma yana ƙirga. Wani daga cikin manoman ya ce ai Malam Ummarun ne ke sallamar mutane tun kafin na'ura ta tsaya. Ba ni na faɗa ba, amma na ji kamar daga bakina ya fito, don har da wannan na rubuta a shafin baya, da sunansa, da alamar tambaya. Baba Shehu ya riga ya karanta.

Da yawa suka ce a tuge rediyon a jefar. Na ce ba sai an yi haka ba, in aka ƙara bututu guda aka mayar da na ofis ɗaya kusurwar, hanya za ta kauce wa tanki. Baba Shehu ya ce to yanzu, kafin in bar garin. Ban taɓa yin hawa irin wannan ba. Noti ya faɗi daga hannuna sau biyu, ga Lawali can a sama na san yana kallona. Na juya rediyon kaɗan-kaɗan har huɗun suka kama, kwano na tsaye. Aka kwantar, huɗu. Aka tsayar, huɗu.

Akwai abin da ba su sani ba, na yi ta tunanin in yi shiru. Rediyon da kansa yana ajiye lokutan faɗuwarsa a cikinsa, ya fi littafina daidai. Na ga in wani ya gano daga baya, ni za a nema. Na gaya wa Baba Shehu, na goge a gabansa, na goge hotunan. Littafin kuwa ya sa aka kawo garwashi a zaurensa ya ƙone shi, har da aikin Bakura da na kasuwar Mafara da duk abin da na koya a shekara uku. Ya miƙo mini madubi ya ce, "Ki gaida Isiya. Ki ce mishi in zai aiko ɗiyar mutane ta duba sama, ya fara aiko ta ta gaida na ƙasa." Ya sa mai babur ya kai ni bakin titi kafin magariba.

To ke mai cewa kashewa ne a kunna, kin ji. Ki koyi kebur, ki koyi batir, ki hau a lokacin da layi ya faɗi, ba lokacin da rana ta yi miki daɗi ba. Amma kafin ki jingina tsani a garin da ba naki ba, ki je wurin mai garin da masu gadinsa ki nuna musu jakarki ɗaya bayan ɗaya, ki ce ga inda zan kalla, akwai abin da bai kamata in gani ba?

Layin yana nan lafiya, manajan ya kira Oga ya yi godiya, ya ce an gama rabon taki. Na ce a tambaye shi labarin Malam Ummaru. Ya ce wani ne a siton yanzu. Oga ya ce ina shi Ummarun, manajan ya ce sabis ba kyau, ba ya ji sosai.

Malam Isiya ya sayo mini sabon littafi, yana kan teburina, akwai aiki a Dakko yana jira. Ban buɗe shi ba tukuna. Wannan ma a takardar ƙanwata na rubuta, kuma duk ranaku da lokutan da kuka karanta a ciki, da sunayen mutanen garin, na canza su.